Shekarar da Aka Riƙa Yawo da Ni

Maigidana ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, bayan ya yi wata uku a kwance. Direban bas ne, yana jigila tsakanin Kazaure da Babura, wani lokaci har bakin iyaka idan ya samu 'yan Nijar masu kaya. Motar ba tasa ba ce. Washegarin sadakar uku mai motar ya aiko aka karɓi makulli, ya haɗo da kwano biyu na shinkafa da ta'aziyya. Na miƙa makullin, na karɓi shinkafar, na yi godiya.

Ban yi kuka ba. Mata sun cika tsakar gida, wasu suna kuka har ana riƙe su, ni kuwa ina zaune a kan tabarma ina amsa gaisuwa. Wasu suka ce Allah ya ba ni tawakkali irin wanda ba kowa yake samu ba. Wasu kuma, na ji daga baya, sun ce zuciyata ce busasshiya. Ni dai abin da na sani shi ne ana magana ina ji, ina cewa amin, amma maganar a bakin kunne take tsayawa. Abinci ma haka. Ko tuwo ko shinkafa, duk ɗaya ne a bakina.

Ya bar ni da 'ya'ya mata uku da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna. A gidan na yi takaba. Wansa, manomi ne a wani ƙauye kusa da Roni, ya kawo buhun gero ɗaya da rabin buhun dawa, da su muka rayu. Ranar da na fita takaba Inna ta leƙa buhun, ta ga ya kusa ƙarewa, ta ɗago kai ta dube ni.

Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, awara take sayarwa. Ta girme ni da 'yan shekaru, don haka Yaya nake ce mata. Wata Alhamis bayan la'asar ta shigo ta same ni zaune a ƙofar ɗaki, hannuna ba komai.

Ta ce, "Tashi ki sa mayafi."

Na ce, "Ina za mu, Yaya?"

"Gidan Hajiya ungozoma. Yau ranar zaman ƙungiya ce."

"Ba ni da abin zubi."

"Wa ya tambaye ki? Ki zo ki zauna kawai. Zaman da kike yi a nan, ki yi shi a can."

Ban ga dalilin zuwa ba, ban kuma ga dalilin ƙi ba. Na sa mayafi na bi ta.

Hajiya tsohuwar ungozoma ce da ta yi ritaya daga asibiti, rabin yaran unguwar a hannunta aka haife su, har da nawa biyu. Ita ce shugabar ƙungiyar. Mata ashirin da 'yan kai ne, suna zama a da'ira a tsakar gidanta, a tsakiya akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, ba ya buɗuwa sai dukansu sun hallara. Kowacce ta zuba abin da ta iya. Wadda take son jari ta nemi rance, a tambaye ta abin da za ta yi da shi a gaban kowa. A gefe kuma akwai wani ɗan kwano da ake jefa canji a ciki saboda rashin lafiya ko mutuwa.

A ranar na san cewa itacen girki da sabulun da Yaya ta riƙa kawo mini a lokacin takaba daga wannan kwanon suka fito, duk da ban taɓa zuba ko sisi a cikinsa ba. Ita ta roƙa, suka yarda. Wata huɗu ina amfani da su ban taɓa tambayar inda suka fito ba. Na san ya kamata in ji kunya ko in ji daɗi. Na dai durƙusa na yi musu godiya yadda ake yi.

Yaya ce ta yi mini zubin farko da na biyu. Na uku na sayar da wasu kwanuka biyu na jerena na yi da kaina. Bayan kamar wata biyu Hajiya ta dube ni a gaban mutane ta ce, "'Yar nan, me hannunki ya iya?"

Na ce, "Mahaifiyata mai ƙuli ce a Roni. A gindin kaskonta na tashi."

Ta ce, "To ai kin gama magana."

Aka ba ni rance na sayi rabin buhun gyaɗa. Kaskon farko aro na yi.

Aikin man gyaɗa ba ya son hutu, shi ya sa ya dace da ni. Da na idar da sallar asuba sai in hura wuta in fara suya. In ta huce in murje, in bakace, in ɗauka a ka zuwa inji a markaɗo. In na dawo in juye a turmi, ina ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ina juyawa da taɓarya har mai ya fara tasowa. In kwashe, in matse abin da ya rage, in mulmula tunkuzar in soya ƙuli. Masu ƙosai suna sayen man, mahauta suna sayen ƙulin saboda yajin tsire. Kafin magariba na wanke komai na kife, gobe in sake.

Sauran mata suna tsayawa su yi hira, su je biki, su kwanta ciwon baya. Ni babu abin da yake janye ni. Wata rana babbar 'yata ta dawo daga makaranta ta tsaya tana kallon hannuna, ta ce, "Umma, me ya same ki?" Na duba, sai ga bororo babba a damtsena, mai ya fallatso mini tun da safe. Ta kawo man shafawa ta shafa mini tana kuka, ni kuwa tunanina yana kan ƙulin da ke wuta kada ya ƙone.

Na mayar da rancen tun lokaci bai yi ba. Na sayi kasko nawa, na koma sayen buhu guda. Da aka yi rabon ƙarshen shekara na sayi akuya mai ciki, na ɗinka wa yara kayan makaranta, na saya wa Inna katifa. Mata suka riƙa cewa a yi koyi da ni.

Akwai wata malama, yarinya ce ba ta kai talatin ba, ma'aikaciyar wata hukuma mai taimaka wa ƙungiyoyin mata. Ita ta koya musu tsarin akwatin tun farko. Takan zo a kan acaɓa sau ɗaya a wata, da jakar takardu a rataye, ta zauna a gefe tana rubutu. Ban taɓa ganin ofishinsu ba. Mutuniyar kirki ce, tana durƙusawa ta gaida Hajiya, ba ta ɗaga wa kowa murya. Wata rana bayan an tashi ta biyo ni har gida.

Ta ce, "Anti, za mu buɗe sababbin ƙungiyoyi a Roni da Gwiwa da Babura. In ni na yi magana cewa suke yi 'yar boko ce, albashinta take ci. Amma in suka ji daga bakin mace irinsu, za su yarda. Ko za ki riƙa raka ni ki ba su labarinki?"

Na ce, "Wane labari gare ni?"

"Yadda kika faro, da inda kike yanzu."

Na ce sai na tambayi Inna. Inna ta ce, "In za a dawo da ke kafin magariba, ki je, 'yar nan. Ko iska kya sha." Wan maigidana ma da aka kira shi a waya bai hana ba.

Roni muka fara zuwa, ranar Asabar, a wani ajin firamare. Mata sun matsu a kan bencin yara, gwiwoyinsu suna taɓa tebur. Malama ta yi bayanin akwati, sannan ta ce in tashi. Na tashi na fara daga farko: yadda ƙafafunsa suka kumbura, yadda muka yi ta zarya asibiti, yadda nake juya shi a shimfiɗa, ranar da ya daina gane yaransa, da makullin da aka zo aka karɓa. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. Kafin in kai kan gyaɗa rabin ajin suna share hawaye da gefen mayafi. Na tsaya ina kallonsu ina jira su gama in ci gaba.

Akwai wata gwaggona a cikin taron, ƙanwar mahaifina. Da aka tashi ta kamo hannuna ta ja ni gefe, ta daɗe tana duban fuskata. Ta ce, "Ko muryarki ba ta yi rawa ba." Na ce mata haka Allah ya so. Ta cusa mini ƙullin daddawa a hannu ta tafi.

A mota, a hanyar dawowa, Malama ta ce, "Anti, kin ga mata nawa suka ba da sunansu? Sai dai ina ganin a taƙaita wajen jinyar, don lokaci. Ki fi ba da ƙarfi a kan sana'ar, da yadda yara ba su bar makaranta ba." Na ce to. Ba ƙarya ta ce in yi ba, duk gaskiya ne.

A Gwiwa a gidan mai gari aka yi, a sashen uwargidansa, ƙarƙashin wata darbejiya. Wasu matan Fulani suka shigo da ƙoransu na nono, suka sauke a gefe suka zauna. Wata daga cikinsu tana maimaita wa wata tsohuwa abin da nake faɗa da Fulatanci, don haka sai in faɗi kaɗan in dakata. Ranar akwai baƙi biyu daga nesa, mace da namiji, da na'urar ɗaukar hoto. Suka ba ni galan ɗin mai na riƙe, suka ce in yi murmushi. Na buɗe haƙora. Suka ce a sake, na sake buɗewa. Da za mu tafi aka ba ni turmin atamfa da kuɗin mota.

Haka aka yi ta yawo da ni duk ranin nan, ƙauye bayan ƙauye, wasu ma ban riƙe sunansu ba. Ranar tafiya sai in yi suya tun jiya, 'yata ta kai inji in ta taso daga makaranta. Labarin ya zauna mini a baki kamar hadda. Na san inda za su ce "Allah sarki", na san inda za su yi kabbara. Ina iya faɗarsa daga farko har ƙarshe alhali tunanina yana gida, ko an rufe gyaɗar da na shanya kada akuya ta shiga.

Wata rana ina bakace sai na nemi in tuna rigar da ke jikinsa ranar da ya rasu. Ni na sa masa ita da hannuna. Na kasa. Na nemi in tuna muryarsa in yana sallama daga zaure, ita ma ba ta zo ba. Abin da yake zuwa kawai shi ne kalmomin da nake faɗa wa mata, a jere yadda na saba jera su. Na ɗan tsaya da faifai a hannu, sannan na ci gaba da bakace.

A ƙungiyarmu ma an fara ƙorafi. Wata mai sayar da kayan miya ta ce a gaban kowa, "Dukanmu muna wahala, amma mutum ɗaya ake ɗauka a mota ana ba ta atamfa." Hajiya ta ce, "Ke kina son a ɗauke ki da irin abin da aka ɗauke ta da shi?" Ni ban ji haushin mai kayan miyar ba. Da aka tashi ma tare muka taho, na sayi tattasai a wurinta.

Babura ce ta ƙarshe, damina ta riga ta faɗi. Ranar motar hukumar ta lalace, Malama ta ce mu je tasha mu hau ta haya. Tun rasuwar ban taka tashar nan ba. Muna shiga 'yan kamasho suka gane ni, suka zo suna gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, suna "Allah ya jiƙan maigida". Aka nuna mana motar da ke kan layi. Ita ce. Ga tsagewar gilashin gaba da ya yi ta cewa zai sa mai motar ya canja, ga ƙofar da ake ɗaurewa da igiya. Wani mutum da ban sani ba yana zaune a kujerarsa yana cin rake.

Malama ta lura da yadda na tsaya. Ta ce, "Anti, lafiya?"

Na ce, "Motar da yake ja ce."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Mu jira ta gaba."

Na ce, "Za mu makara. Mu shiga."

Na zauna a bayan direba. Na ɗora hannu a kan kujerar, ina jira in ji wani abu ya taso mini. Muka bar gari, muka shiga gonaki, gero ya kai gwiwa, mata da maza suna noma. Na ci gaba da jira. Wani fasinja yana gardama da wani a kan canjin sefa, kuɗin Nijar. Wata akuya tana kuka a bayan mota. Har muka isa Babura babu abin da ya zo. Direban ya ƙi karɓar kuɗinmu, na yi masa godiya.

A wani gida kusa da kasuwar hatsi aka yi taron. Na tashi na faɗi abin da na saba faɗa, suka yi kuka a inda aka saba yi. Sai dai akwai wata a can baya, jingine da bango, da goyo, wadda ba ta yi ba. Idonta yana kaina tun daga farko har ƙarshe, fuskarta ba ta motsa ba.

Da aka tashi na ɗauki buta na zagaya bayan ɗaki zan yi alwalar azahar. Na tsuguna ke nan sai ga ta ta tsaya a gefena. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba.

Ta ce, "Sannu, Yaya."

Na ce, "Yauwa, sannu."

"Nawa mijin wata takwas ke nan da rasuwa. Dako yake yi a kasuwar nan. Zazzaɓin kwana biyu."

Na ce, "Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri."

Ba ta ce amin ba. Ta gyara goyonta ta ce, "Tambaya nake son yi. Da kika fara samu, abin ya dawo?"

"Wane abu?"

"Ɗanɗanon abinci. Jin mutane. Wannan yarinyar da ke bayana tana kuka, ina ba ta nono, amma kamar 'yar wani aka ba ni riƙo. Ban faɗa wa kowa ba."

Na ajiye butar. Na lalubi amsa a cikin labarin da na haddace, babu wurin da ya yi maganar wannan. A duk ƙauyukan da na je ba wadda ta taɓa tambayata.

Na ce, "Bai dawo ba."

Ta gyaɗa kai, kamar dama abin da take tsammani ke nan. "To me zai sa in shiga ƙungiyar?"

Na ce, "Yarana suna cin abinci sau uku. Ba na jiran wan ubansu ya tuna da mu. Kuma ranar Alhamis akwai inda zan je in zauna, ko ban yi magana ba ba mai korata. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta kalli ruwan da ya zube a ƙasa. Can ta ce, "Ta yaya ake gane gyaɗa ta soyu?"

Na ce, "Ki ɗauki ɗaya ki murza. In ɓawon ya fita da kansa, cikin ya yi ja-ja ba baƙi ba, ki sauke. In kin jira ƙamshi ya cika gida, ta wuce."

Ta ce tana da waya amma ba ta iya sa lamba ba. Na kira Malama ta sa mata tawa. Sannan na yi alwalata.

A hanyar komawa na ce wa Malama wannan ce tafiyata ta ƙarshe.

Ta juyo da sauri. "Anti, wani abu aka yi miki? Ko motar nan ce? Wallahi da na sani da ban..."

Na ce, "Ba abin da aka yi mini. Na gaji da faɗa ne kawai."

Da muka kusa Kazaure ta ce, "Ki yafe mini in na ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki." Na ce babu komai, kuma har zuciyata babu komai ɗin. Daga baya sai Malama ta koma ɗaukar Yaya. Yaya mijinta yana raye, labarinta na yadda ta ƙona tukunyar awara uku ne kafin ta iya, mata suna dariya har da riƙe ciki. An ce sunayen da ake samu ba su ragu ba.

Bayan kaka, gyaɗa ta yi araha, sai wayata ta yi ƙara ina tsakiyar matsa. Matar Babura ce. Ta ce ta shiga ƙungiya, an ba ta rance, ta gwada sau biyu man ya ƙi fita. Ta ce in na yarda za ta zo ta gani da idonta, mahaifinta ya amince. Na tambayi Inna, ta ce gidan ai ba ya ƙin baƙo.

Ta zo ranar Litinin da goyonta da ƙullin kaya, da kwano biyar na gyaɗarta don kada ta ɓata tawa. Kwana biyu ta yi. Muka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, ba ma magana sai abin da ya zama dole. Kaskon farko ta ƙona shi, na zubar wa akuya, ta sake ɗorawa. Wajen turmi na ga matsalarta: ruwan take zubawa da yawa lokaci guda. Na riƙe hannunta na nuna mata yadda ake ɗigawa, a juya, a jira, a sake ɗigawa. Da man ya fara tasowa yana ƙyalli a gefen turmi ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Ashe haka ne." Na ce haka ne.

Inna ce ta riƙe 'yar tata duk kwana biyun, tana yi mata wasa, tana ba ta koko da cokali. Da rana muna cin abinci a kwano ɗaya, ni da ita, kowa ya ci ya tashi. Yarana suka ce ba su taɓa ganin baƙuwa marar hira irinta ba. Ni kuwa ban taɓa zama da wanda zama da shi bai gajiyar da ni ba kamar ita, tun bayan rasuwar. Ba sai na gyara fuska ba.

Ranar Laraba na raka ta bakin titi da galan ɗaya na man da ta matse da hannunta da ledar ƙuli. Ta hau mota, ta ce, "Na gode, Yaya." Na ce ta gaida gida.

Yau shekara uku ke nan. Ina nan a ƙungiya, ɗaya daga cikin makullan akwatin ma yanzu a hannuna yake, tun da mai riƙe da shi ta bi mijinta Kano. Mun haɗa kuɗi mun sayi injin markaɗe namu, yana zauren Hajiya. Babbar 'yata ta gama sakandare ta samu gurbin karatu a nan cikin gari, tana tafiya tana dawowa. Awakina sun zama biyar. Inna ta tsufa sosai, ba ta fita, amma tana cin abincinta.

Matar Babura takan kira ni kamar sau ɗaya a wata, yawanci don ta ji yadda gyaɗa take a wajenmu. Tana sayar wa masu ƙosai uku, kuma wata 'yar Nijar tana saro ƙuli a wurinta. A kiran da ta yi na watan jiya, bayan mun gama maganar gyaɗa, ba ta kashe ba.

Ta ce, "Yaya, shekaranjiya jarka ta kuɓuce mini, mai ya malale a tsakar gida. Na zauna a wurin na yi ta kuka tun hantsi har azahar. Maƙwabta suka shigo suna cewa don ɗan man nan? Na kasa yi musu bayani."

Na ce, "Da yawa ya zube?"

"Bai kai rabi ba. Na kwashe wani da tsumma." Sannan ta ce, "Daga baya na ci tuwo, na ji yajin. Ke fa?"

Na ce, "Tukuna."

Ta ce, "To. Allah ya kawo sauƙi."

Na ce amin. Ana ta sallama a zaure, mai ƙosan bakin kasuwa ce ta zo da kwalabenta. Na ce wa matar Babura sai an jima, na ajiye wayar a kan taga, na je na auna mata.